Akwatin Kalmomi na 'Yan Aji Uku: Kundin Aikin Zango Ɗaya

Litinin, 8 ga Satumba

Na buɗe wannan kundi ne don kada in sake yaudarar kaina. Bara na cika bangon aji da kalmomi, duk wanda ya leƙo sai ya yaba. Da zango ya zo ƙarshe na tambayi yara ma'anar "sakamako", sai aka koma kallon-kallo. Kalmar nan tana liƙe a saman allo tun makon farko, da jar maka, kowane harafi ya kai tafin hannu. Sun iya karanta ta tsaf, sun iya rubuta ta. Abin da take nufi ne babu wanda ya sani.

Bana ina so in haɗa akwati guda na kayan koyar da kalmomi, wanda wani malami zai iya ɗauka ya yi aiki da shi ko ba na nan. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne kada aikin ya ci fiye da minti 10 zuwa 15 a rana, kuma kada ya dogara da wata na'ura. Kwali, maka, almakashi da selotef sun isa. Duk abin da na gwada zan rubuta shi a nan, har da wanda ya ƙi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Kwana uku ina bin littattafan ajin shafi-shafi, na karatu da na lissafi da na kimiyya, ina fitar da duk kalmar da nake zaton za ta tsaya wa yaro a wuya. Takarda ta cika har baya. Idan na ce zan koyar da su duka, bara ce za ta maimaita kanta.

Abin da ya taimake ni wajen tacewa shi ne rabon da Isabel Beck da Margaret McKeown da Linda Kucan suka yi a littafinsu na 2002, inda suka kasa kalmomi hawa uku. Hawa na farko kalmomin yau da kullum ne, irin su gida, gudu, ruwa, waɗanda yaro ya zo da su tun kafin ya shiga aji. Hawa na uku kalmomin fanni ne, irin su alwatika da murabba'i, waɗanda ba a cika haɗuwa da su ba sai a darasinsu, kuma a can ya kamata a koyar da su, da zanen a gaban yaro. Na tsakiyan su ne abin nema: kalmomin da suka yi yawa a rubutu amma suka yi ƙaranci a hirar yara, kuma suke ratsa kowane darasi. "Kwatanta" tana cikin lissafi, tana cikin kimiyya, tana cikin tambayar jarrabawa. Yaron da bai san ta ba zai faɗi tambayar da ya san amsarta.

Don Ingilishi suka yi rabon, amma ya zauna wa Hausa daidai. Wani abu da na lura shi ne da yawa daga cikin kalmomin tsakiyan nan namu aro ne daga Larabci: dalili, hujja, nazari, muhimmi. Su ne harshen littafi da na labaran rediyo, shi ya sa yaro zai ji su sau da yawa su wuce ta gefen kunnensa.

Na tsaya a kan kalma 6 a mako, mako 10, jimla 60. Malamar aji huɗu ta ce sun yi kaɗan, ta kawo mini jerin Dolch, kalmomin Ingilishi 220 da Edward Dolch ya fitar a 1936. Na gode mata, amma aikin jerin daban ne. An yi shi ne don yaro ya gane surar kalmar da ido nan take yana karatu, kuma akasarinsu ƙananan kalmomi ne masu haɗa jimla. Ni matsalar yarana ta ma'ana ce.

Asabar, 20 ga Satumba

Yau na yanka katuna. Girman kowanne ya kai rabin takardar firinta, don na bayan aji ya gani. A gaba kalmar da hoto, a baya bayani da jimlar misali.

Yankan bai ɗauke ni awa ɗaya ba. Rubuta bayanin ne ya cinye yinin. Na fara da kwafowa daga ƙamus, sai na ga ƙamus yakan fassara kalma mai wuya da wata wadda ta fi ta wuya, ko ya mayar da kai inda ka fito. Idan ka ce wa ɗan shekara takwas jinkiri shi ne "rashin gaggawa", ka ba shi aiki biyu ke nan. Sai na ajiye ƙamus gefe, na riƙa rubutawa kamar ina yi wa yaro magana a tsaye:

Jinkiri: idan ka yi jinkiri, ka bar lokacin yin abu ya wuce kafin ka yi shi.

Gargaɗi: idan an yi maka gargaɗi, an gaya maka tun da wuri cewa wani abu marar kyau zai faru idan ba ka kula ba.

Takaici: abin da kake ji a ranka idan ka yi ta ƙoƙari abu ya ƙi, ko aka ɓata maka abin da ka wahala a kansa.

Dokar da na bi ita ce kowane bayani ya ƙunshi "ka" ko "wani", domin yaro ya ga mutum a cikinsa. Duk bayanin da ya zarce layi biyu na san ban gama fahimtar kalmar da kaina ba. "Hasashe" sai da na sake ta sau huɗu.

Katunan mako uku kawai na gama. Sauran zan yi su a hankali, tunda ban san ko wannan fasalin zai ɗore ba.

Laraba, 24 ga Satumba

An fara. Tsarin da nake bi ga kowace sabuwar kalma: in karanta ɗan labarin da kalmar take ciki, in ɗaga kati, su faɗe ta da ƙarfi sau biyu, in yi bayani, in ba da misalin da ba shi da alaƙa da labarin, sannan su kawo nasu. Misali na biyun nan yana da muhimmanci. Idan a labarin kare ne ya yi gargaɗi da haushi, kuma ban ƙara wani misali ba, wasu za su tafi gida da cewa gargaɗi wani abu ne na karnuka.

Da na nemi nasu misalin, aji ya yi tsit. Sai na sauya tambayar: "Wa aka taɓa yi wa gargaɗi a kan wani abu, bai ji ba?" Hannuwa suka tashi kamar an yi shuka. Wani yaro ya ce, "Malam, yayata ta yi mini gargaɗi kada in hau katanga, na hau, na faɗo." Ya nuna tabon a gwiwa, aji ya fashe da dariya. Ina jin wannan kalmar ta zauna ke nan.

Minti 15 ɗin sun zama 25. Kalma shida a zama ɗaya ta yi yawa. Daga mako mai zuwa uku ran Litinin, uku ran Talata, sauran kwanakin na juya su ne.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Kurakurai biyu, duka nawa.

Na farko hoton da na sa a gaban kati. Na ɗaga katin "jinkiri", aji duka suka amsa daidai, na ji daɗi. Da na rubuta kalmar a allo ba hoto, sai 'yan kaɗan. Ashe agogon da na zana suke karantawa. Wata yarinya ma ta ce ma'anar jinkiri ita ce agogo, kuma ba laifinta ba ne, abin da na nuna mata ke nan. Na bi katunan duka na liƙe farar takarda a kan hotunan, na mayar da su baya. Gaban kati yanzu kalma ce tsirara.

Na biyu ya fi ba ni haushi don na ɗauka dabara ce. Na haɗa "yalwa" da "ƙaranci" a rana ɗaya, ina ganin kishiyoyi za su taimaki juna. Yau kusan rabin ajin sun san cewa ɗaya tana nufin abu ya yi yawa, ɗaya kuma ya yi kaɗan, amma wacce ce wacce, sai canki-canka. Taura biyu ba ta taunuwa. Daga baya na tuna Thomas Tinkham a 1993 da Robert Waring a 1997 sun nuna cewa sababbin kalmomi masu kusancin ma'ana, idan aka koyar da su tare, sun fi wuyar kamawa a kan waɗanda ba su da dangantaka. Da manya masu koyon baƙon harshe aka yi gwajin, amma abin da na gani yau da 'yan aji uku bai saɓa ba. Haɗa kishiyoyi yana da amfani idan yaro ya riga ya mallaki ɗaya daga ciki. Idan duka biyun baƙi ne gare shi, sai su cakuɗe.

Na sake jera sauran makonnin. "Tabbas" da "shakka" na raba su da mako uku.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau akwatin ya zama akwati na gaske. Kwalin takalmi ne, na raba cikinsa gida uku da guntayen kwali.

Dalilin shi ne ran Juma'a na zaro katunan makon farko ba zato, na tarar rabinsu sun fara dusashewa. "Gargaɗi" tana nan daram, albarkacin mai katanga. "Hasashe" kuwa kamar ban taɓa furta ta ba. Wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masani Bajamushe, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan ta rage sauri, kuma abin da aka sake bita yakan fi saurin dawowa. Na san wannan tun a kwaleji, amma jadawalina bai san shi ba: kowane mako sababbi shida, na baya kuwa an yi sallama.

Maganin da na ara na Sebastian Leitner ne, ɗan jaridar Jamus da ya bayyana tsarinsa a 1972. Kati yana farawa a gidan farko. Idan an amsa shi daidai ya matsa gida na gaba, wanda ba a cika buɗewa ba. Idan an kuskure, ya dawo gidan farko ko daga ina yake. Don mai karatu shi kaɗai aka tsara shi, don haka sai da na lanƙwasa shi ya dace da aji. Gidan farko kullum, na biyu Talata da Alhamis, na uku Juma'a kawai. In ɗaga kati, kowa ya yi shiru ya ƙirga biyar a zuci, ya gaya wa na kusa da shi, sannan in kira mutum biyu waɗanda ba su ɗaga hannu ba. Idan duka biyun sun kawo misali mai kyau, kati ya ci gaba.

Ƙirga biyar ɗin nan ita ce zuciyar abin. Idan na bari masu saurin baki suka amsa nan take, sauran ji kawai suke yi, ba su laluba ƙwaƙwalwarsu ba. Gwajin Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa. Wahalar tunowar ita ke ɗaure kalmar.

Abin da ban zata ba shi ne yadda yaran suka ɗauki abin kamar gasa tsakaninsu da akwati. Da "hasashe" ta kasa fita daga gidan farko, sai na ji wani daga baya yana cewa, "Kai, wannan ba ta jin magana."

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na sauke kusan duk abin da ke bango. Shugaban makaranta ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya? Ajin ya zama kamar an yi ƙaura." Na yi masa bayanin binciken Anna Fisher da abokan aikinta na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, na 2014. Yara 24 'yan ajin share fage aka koyar da darussan kimiyya shida, uku a ɗakin da aka ƙawata bangonsa, uku a ɗakin da ba komai. A ɗakin ado hankalinsu ya fi tafiya wani wuri, kuma makinsu ya fi ƙasa. Yaran kaɗan ne, kuma sun fi nawa ƙanƙanta, don haka ban ɗauke shi hukuncin ƙarshe ba. Amma bangon bara ya riga ya ba ni tawa shaidar. Abin da ya daɗe a liƙe ido yakan daina ganinsa.

Yanzu zare ɗaya ne a gefen allo, da 'yan maƙalai. Kalmomin makon nan shida da duk wadda ta dawo gidan farko, su kaɗai ke rataye. Ƙarƙashin kowacce akwai 'yar takarda. Duk wanda ya yi amfani da kalmar a maganarsa a wani darasi, ko ya tsinto ta a littafi, sai ya je ya ja layi ɗaya. Mun sa wa abin suna "kamun kalma".

An fara cin zarafinsa tun ranar farko, ba shakka. Wani ya ce, "Malam, ina da hasashe zan je bayan gida." Na ce wannan ba kamu ba ne, fashi ne. Amma mun tsaya minti biyu muna tattauna abin da ya sa jimlar ba ta zauna ba, kuma ina ganin a nan ne "hasashe" ta fara shiga.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na gwada takardar Frayer, wadda Dorothy Frayer da abokan aikinta suka tsara a jami'ar Wisconsin a 1969: kalma a tsakiya, gida huɗu kewaye da ita, na ma'ana, na siffofi, na misalai, da na abin da ba misali ba. Na yi fotokwafi kowa ya samu.

A rubuce ba ta yi ba. Masu jinkirin rubutu sun ƙare lokacin a gidan farko, kuma bambancin "ma'ana" da "siffofi" ya fi ƙarfin 'yan aji uku. Sai na karɓe takardun, na zana babba ɗaya a allo, na soke gidan siffofi, muka yi da baki.

Gidan "abin da ba misali ba" shi ne ya biya kuɗin sabulu. Kalmar ita ce "shakka". Na bayyana ta da cewa idan kana shakka, ba ka tabbata ko abu gaskiya ne ko zai faru ba. Don in cika gidan ƙarshe sai na ce, "Idan kare ya biyo ka ka ruga, wannan tsoro ne, ba shakka ba ce." Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, to ai in an ce ba na shakkarka, ba na tsoronka ake nufi."

Gaskiyarta. Na tsaya riƙe da alli. Kalmar tana da fuska biyu, ni kuma na zo da ɗaya na ce ita ke nan, alhali wadda yaran suka fi ji a filin wasa ita ce wadda na kore. Na ce mata ta kama ni, na sa ta ja layi biyu. Muka rubuta jimla biyu a allo, "Ina shakkar zai zo yau" da "Ba ya shakkar kowa", suka yi ta gardama a kan yadda za a gane wacce ake nufi. Su da kansu suka kai ga cewa idan mutum ne ya biyo bayan kalmar, galibi tsoro ne, idan kuwa magana ce ko aukuwar wani abu, rashin tabbas ne. Ba cikakkiyar doka ba ce, amma tasu ce.

Da dare na bi sauran katunan ina neman masu fuska biyu. Na sami "tanadi" da "kariya" da suke buƙatar ƙarin layi a baya.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Kalma 60 a zango ba za ta kai yaro ko'ina ba idan ita kaɗai ce. Dole ya sami hanyar buɗe waɗanda ban koya masa ba. Don haka makon nan na ƙara wa akwatin wata ambulan ta katunan gini: ƙananan katuna masu ɗauke da aikatau, da wasu masu launi daban ɗauke da ɗafa-goshin "ma-" da ƙarshen "-i", "-iya", "-a".

Hausa ta yi mana gata a nan. Daga ɗinka a sami maɗinki, daga gina magini, daga tuƙa matuƙi: mai yin aikin. Daga buɗe a sami mabuɗi, daga duba madubi, daga goge magogi: abin yin aikin. Daga karanta a sami makaranta, daga ƙera maƙera: wurin yin aikin. Yaran sun san kalmomin nan duka, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗinkin da ke jikinsu. Da wani ya harhaɗa ma, karant da a, ya karanta abin da ya fito, sai ya waiga ya dubi ginin da muke ciki kamar yau ya fara ganinsa.

Katunan sun fallasa wani abu da ban shirya masa ba. Rukuni ɗaya suka haɗa rubuta suka sami "marubuti", suka ce ba daidai ba ne, marubuci ake cewa. Sai ga mu cikin sauyin baƙi kafin wasalin "i": t ta koma c, d da z su koma j, s ta koma sh. Gada ta ba da magaji, aikata ta ba da ma'aikaci. Ban ba su sunan dokar ba, na yanka ƙananan katunan c, j da sh na ce su riƙa musanyawa idan kunne ya ƙi.

Sai tambayar da ta fi kowacce: "Malam, mage fa? Me take ge-wa?" Na ce ba kowace "ma" ce ɗafi ba, wata jikin kalmar ce. Don kada su karaya na ba su maciji su warware. Sun ɗan jima, sai wata ta yi tsalle ta ce, "Ciza! Mai cizo!" Ranar har aka tashi suna farautar kalmomi masu "ma".

Mako mai zuwa zan sa zurfi da zuzzurfa, faɗi da faffaɗa, ƙarfi da ƙaƙƙarfa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Katuna huɗu sun ɓata, uku sun yage a kusurwa. Na naɗe sauran da selotef gaba da baya, na sa wa kowanne lamba, na naɗa mai ƙirga su kafin tashi. Da tun farko na yi haka.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Kati yana tunatar da kalma, amma a cikin labari take rayuwa. Na shiga intanet neman abin karantawa. African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya, da Bloom na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL duka suna da littattafan yara kyauta, har da na Hausa, akasari a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda a mafi yawan nau'o'insa ya yarda a buga a raba muddin an ambaci masu aikin. Sai dai a duba lasisin kowane littafi, don ba duka ne suka yarda a sauya ba. Ingancin fassarar ma hawa-hawa ne, dole a karanta kafin a miƙa wa yaro.

Wajen zaɓe na riƙe ma'aunin Marcella Hu da Paul Nation na 2000: mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba taimako, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin 50. Su ma da masu koyon Ingilishi suka yi aiki, amma ya ba ni abin aunawa. Labarin da kowane layi yake da kalmar da yaro bai sani ba, ba zai koya masa ko ɗaya ba, domin babu sanannun da zai taka ya hango baƙuwar.

Matsalar ita ce ba labarin da ya ƙunshi kalmomina. Sai na zauna na rubuta gajeru guda biyar da kaina, kowanne bai wuce rabin shafi ba, na cusa tsofaffin kalmomi huɗu ko biyar a ciki. Ba adabi ba ne, na sani. Na farkon ma ya yi kama da an ɗaure kalmomin da igiya.

Da na buga, sai firinta ta yi mini aika-aika: salon harafin da na zaɓa ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, duk inda suke sai ɗan akwati fanko. Na sauya salon na sake bugawa. Amma na ajiye gurɓataccen shafi ɗaya na kai aji, suka cike guraben da kansu, daga nan muka shiga baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Na nuna musu kuma inda rubutu ba ya taimako sam, kamar kuka na hawaye da kuka itaciya, waɗanda karin sauti ne ya raba su kuma ba a rubuta shi. A nan sai jimla ta yi alƙalanci.

Juma'a, 5 ga Disamba

Gwajin burina na farko: ko wani malami zai iya aiki da akwatin ba na nan. Na ba malamar aji huɗu akwatin ta riƙe mini ajin kwana uku ina wajen bita. Yau muka zauna.

Ta ce, "Malam, akwatinka yana da kyau, amma a kanka yake, ba a cikin kwalin ba." Ranar farko ta ɗauka na shifta ne, ta yi ta kira suna rubutawa. Yaran ne suka ce mata ba haka Malam yake yi ba, suka koya mata ƙirga biyar da matsar da kati. Na ji daɗin wannan ɓangaren, amma maganarta tana nan: ban rubuta ko layi ɗaya na yadda ake amfani da shi ba.

Ta kuma lura da abin da ni ban gani ba. Mutum biyun da nake kira don yanke hukuncin kati, kusan kullum daga layukan tsakiya suke fitowa. Na gefen taga sun gane haka, sun daina wahalar da kansu. Shawararta ita ce a rubuta sunayen yara a 'yan sanduna a zuba a gwangwani a riƙa zara. Na karɓa.

Daren nan na rubuta bayanin a shafi ɗaya na liƙe a cikin murfin.

Alhamis, 11 ga Disamba

Gwajin ƙarshen zango. Ban tambayi ma'ana ba, tunda ana iya haddace bayanin bayan kati kamar waƙa. Tambayoyin irin waɗannan ne: "Wanne zai fi sa ka takaici, ka gama zane ruwa ya zube a kai, ko a ba ka sabon fensir? Me ya sa?" da "Faɗi abu ɗaya da za ka yi wa ƙaninka gargaɗi a kansa." Masu wahalar rubutu na karɓi tasu amsar da baki, ɗaya bayan ɗaya, a bakin ƙofa.

Kalmomin makonni huɗun farko, waɗanda suka fi zagaye a akwatin, su suka fi zama, har da "hasashe" mai taurin kai. Na makonni biyun ƙarshe kuwa raurau suke, ko gida na uku ba su kai ba, kuma bai kamata in sa su a gwajin ba. "Yalwa" da "ƙaranci" har yanzu akwai masu juya su, mako goma bayan kuskuren rana ɗaya. "Sakamako" ta bara, na sa ta a mako na biyu da gangan: yawancinsu sun kawo misali mai ma'ana, ko da yake da yawa sun tsaya a sakamakon jarrabawa kawai, don haka bayan katin yana buƙatar misalin da ba na makaranta ba.

Na ƙirga katunan da suka kai gida na uku suka zauna, ban kai 60 ba, kuma ban yi kusa ba. Zango mai zuwa sababbi biyar ne a mako, makonni biyun ƙarshe kuma ba sabuwa ko ɗaya. Akwatin zai sami gida na huɗu da za a riƙa buɗewa sau ɗaya a wata, don na wannan zangon kada su kwanta. Malamar aji huɗu ta nemi in ba ta jerin kalmomin da za su iso ajinta da su, ta kuma ɗauki ambulan ɗin "ma-" za ta kwafa a hutu. "Ƙaranci" na cire ta gaba ɗaya na sa a aljihun tebur. Sai "yalwa" ta yi wata guda a gida na huɗu ita kaɗai kafin in sake fito da ita.